Ranar da jan-baki suka riga mu zuwa gona

Jiya Lahadi muna tsaye bakin gonata a fadamar Kalgo, ni da matata da ɗiyarmu Rahila. Daga coci muka wuce, har da kular abinci, wai yarinya ta ga shinkafar da babanta ya noma.

Tsuntsayen jan-baki sun riga mu. Sati uku ina sammako, ina jan igiyar gwangwanaye ina ihu har muryata ta dishe. Rana ɗaya tak na ce ba zan sake rasa sujada ba, na bar gonar babu mai gadi. Na kama zangarniya na murza, babu ko ƙwaya.

Rahila, mai shekara shida, ta ja mini riga.

"Baba, malamarmu ta ce Ubanmu na sama ne ke ciyar da tsuntsaye."

Na ce haka ne.

"To da shinkafarmu ya ciyar da su?"

Uwarta ta daka mata tsawa. Na ce ta ƙyale ta, abin da ke raina ta faɗa.

"Mu kuma fa, Baba?"

Na ce mun fi tsuntsaye daraja a wurinsa. Ta yarda nan take, ta je ta buɗe kula. Ni ko loma ɗaya ban ci ba.

Yau a addu'ar safe na kasa cewa na gode, sai Rahila ce ta faɗa a madadina. Ban daina ba da gaskiya ba, amma raina a ɓace yake, kuma Ubangiji ya sani.

Iyaye, da ku ne, me za ku ce mata?