Ruwan Jegon Umma a Arba wa Nus

Ƙwal! Ƙwal! Haka mai sayar da gas ke buga ƙarfe a jikin tukunya idan ya shigo layinmu a Arba wa Nus. Wata safiya ta Janairun 2012 na jiyo ƙarar daga nesa, na ruga ƙasa ko takalmi babu, amma kafin amalankensa ya iso ƙofarmu an kwashe tukwanen tas. Shekarata tara a lokacin, Umma kuma kwananta uku da haihuwar ƙanwata Safiyya. Tukunyar gas ɗaya ta rage mana, ga sanyin Alƙahira mai ratsa ƙashi, ga wankan jego na kwana arba'in a gaba.

Hajja Kaltume, tsohuwar maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan, ita ce mai yi wa Umma wankan. "Mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, ko a Masar take, khalas, magana ta ƙare," in ji ta. Abba, da karatu ya kawo mu ƙasar, ya lura wajen alwala cewa ruwan tankin da ke binne ƙarƙashin matakala ba ya cizon hannu kamar na tankin saman bene. Sai ya riƙa ɗibarsa da hantsi a baƙaƙen jarkoki, ya hau da su hawa biyar zuwa saman bene yana haki, ya jera su jikin katanga inda iska ba ta kaiwa. Muna hutun makaranta, don haka ni ke gadinsu. Nakan ja su ina bin rana, tantabarun maƙwabta na zagaya kaina, ina tsoma yatsa ina lallashin ruwan kamar yana jina. Bayan azahar a sauko da shi, wuta kaɗan ta ƙarasa aikin. Ranar da gari ya lumshe, daga tankin ƙasa sai kan wuta, mu kuma mu ci burodi da wake na kanti don kada girki ya cinye rabon Umma.

Hajja ba ta daina mita ba. "Wankan jego da rana tsaka? Malam, a wane littafi ka karanta?" Abba ya yi murmushi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajja, rashi ne ya karantar da ni." Ta tsoma gwiwar hannu a bahon, tururi ya lulluɓe fuskarta, sai ta kira Umma wanka. Tukunyar nan ta riƙe mu har mai gas ya sake isowa ƙofarmu da kaya, Umma ba ta yi fashin wanka ko sau ɗaya ba.

Yanzu maɓalli nake dannawa ruwa ya yi zafi, ban san ta inda ɗumin ya biyo ba, ba na kuma yi masa magana. Sai da na shiga jami'a na karanta cewa ƙasa tana riƙe zafin bazara a cikinta, ta sake shi sannu a hankali lokacin sanyi, har wasu ƙasashe na ɗumama gidaje da shi. Ashe zafin ranar bazarar da ta gabata ne ya fara dafa wa Umma ruwan jegonta.