Ni Na Buga Takardar Malam Bawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu da safen nan ina haɗa wa jikokina koko aka kira ni daga Kaura, wai Malam Bawa na gandun daji ya rasu.

Na zauna a ƙofar kicin.

Da na samu natsuwa na buɗe waya, sai ga wani ya rubuta a ƙarƙashin sanarwar: "Allah Ya yafe masa abin da ya yi da tallafin nan." Ko wanka ba a yi wa bawan Allah ba. To, tunda abin ya kai haka, yau zan yi magana, kuma da kaina zan fara.

Ga waɗanda ba su sani ba, Malam Bawa shi ne jami'in gandun daji mai kula da Kaura, Shinkafi da Zurmi lokacin da jiharmu take sabuwa. Ni ce mai buga takardu a ofishinsa. Tafireta ɗaya muke da ita, harafin "e" ɗinta ya mutu, sai na gama in bi da biro ina cikewa. Kullum sai ya tsokane ni, wai rabin albashina na biro ne.

Da aka fara Shari'a aka hana mata hawa kabu-kabu, ni kuma gidana can bayan tashar jirgi. Kwana biyu ina zuwa a makare, ƙafa duk ƙura. Rana ta uku sai ga Malam Bawa da tsohuwar motar ofis a ƙofar gida, da matarsa a ciki don kada a yi magana. Haka muka yi ta yi har aka kawo motocin mata.

A shekarun nan ne aka samo tallafi daga waje don a rubuta babban tsarin kare muhalli na ƙasa baki ɗaya. Aka zaɓi yankinmu cikin wuraren gwaji. Baƙi suka zo daga Abuja da fom-fom da gwangwanayen jan fenti. Umarnin shi ne duk itacen da ke cikin gona a shafa masa fenti, ya shiga kariyar hukuma, wanda ya sare ko reshe a kama shi.

A takarda abin ya yi kyau, har ni na yaba.

Aka fara da garin Dauran. Bayan mako biyu Malam Bawa ya koma dubawa, ya tarar manoman ƙauyukan da ba a kai gare su ba sun shiga gonaki da gatari da fartanya suna tuge duk wani ɗan gawo da ɗan kanya tun kafin masu fenti su iso. Mutanen da iyayensu suka koya musu in ana sassabe a bar wa gawo tsiro ɗaya ya tashi, su ne yau suke kashe shi da hannunsu.

Ya dawo idonsa ja, ya ce mini: "Malama Hajara, iccen da anka sa ma fenti ya zan na gwamnati. Wa za ya reni abin da za a kama shi a kai, cikin gonatai? Sa takarda, mu rubuta."

Ya kulle fentin a sito. Shafi uku muka yi. Ya ce a bar wa manomi itacensa, nasa ne, ya sassabe ya ba dabba, a daina tsoratar da shi. Ni na buga, ni na miƙa wa wanda ke sama da shi hannu da hannu.

Takardar ba ta bar teburin nan ba.

Aka ɗauke aikin gwajin aka kai wani yanki. Masu jiran alawus da baburan aikin suka fusata. Aka ce ya sayar da fenti, aka ce kasonsa ya nema aka hana shi. Kwamiti ya zauna. Da ya ce ya rubuta dalilinsa, aka kira ni aka tambaya ko na san da wata takarda. Wanda na miƙa wa yana zaune yana kallona.

Na ce ban tuna ba.

Haka na faɗa. Mijina bai daɗe da rasuwa ba, ga yara, na ji tsoron aikina. Ba uzuri nake kawowa ba, ƙarya na yi, kuma da ita aka tura shi wani ƙauye can gaba da Shinkafi har ya yi ritaya.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne a Kasuwar Daji, yana cinikin igiyar ɗaure tumaki, ya rame sosai. Na durƙusa a tsakiyar mutane zan ba shi haƙuri, ya tare ni: "Tashi, Malama, mi ya yi zahi? Marayu ag gare ki lokacin nan. Ni na yahe tun ran nan." Ya saya mini ƙuli-ƙuli ya ce in kai wa yara, ya manta yaran duk sun yi aure.

Shi ya yafe. Ni ce ban yafe wa kaina ba, kuma ba zan ƙara yin shiru ba.

Ban san abin da aka rubuta a babban kundin tsarin nan na ƙasa ba, ban taɓa ganinsa ba, ban kuma san manomin da ya gani ba. Abin da na sani, gwangwanayen fentin nan a sito suka bushe, tun da ya kulle su ko ɗaya bai fita ba. Kwafin takardarsa kuma yana cikin akwatina. Da an dawo daga maƙabarta zan ɗauki hotonsa in sa a nan, shafi uku cif. Mai zagi ya zage ni, ni na cancanta. Amma wanda zai sake taɓa sunan Malam Bawa, ya fara karantawa.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka wanke shi a can fiye da yadda muka kasa wanke shi a nan. Ka ba Hajiya da yara haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura, ku roƙa mini gafara ni ma.