Silvanus Kafinta da Dodon Jamusawa

Mijina Jonathan dogo ne, shi ya sa ya kafa sakatar ƙofarmu daidai tsayinsa. Muna tare ban taɓa damuwa ba, tunda shi ke kullewa. Da Ubangiji ya kira shi, sai na koma hawa turmi kafin hannuna ya kai. Ban faɗa wa kowa ba. Silvanus kafinta ya zo gaisuwa, bai ce komai ba sai "Allah ya ba da haƙuri," amma na ga idonsa ya tsaya a kan turmin da ke kife a bayan ƙofa. Kashegari ya dawo da jakar kayan aikinsa, ya cire sakatar ya mayar da ita daidai kafaɗata. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Shi ne kafintan mishan ɗin Katolika a nan Kafanchan. Bencin da muke zama a kai a majami'a aikinsa ne. Gajere ne, fensir kullum a bayan kunne, kuma ba ya son dogon zance. Ƙauyensu na bayan Zangon Kataf, kusa da namu, don haka na san abin da mutanen gari ba su sani ba. Ubansa ne mai ajiyar rigar dodo, wato rigar ciyawar nan da ake fitowa da ita lokacin biki, mu mata a kulle mu a ɗaka har a gama. Bayan rasuwar uban, Silvanus yana saurayi ya nemi baftisma. Katikis na lokacin, wato malamin majami'a, ya ce ba a karɓar mutum da kayan duhu a gidansa. Silvanus ya ɗauko rigar ya ƙone ta a gaban mutane. Yayansa Sambo, wanda bai shiga addini ba, ya ce har ya mutu ba za su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Kowace Kirsimeti Silvanus na aika masa gishiri da sabulu, kowace Kirsimeti ƙullin na dawowa yadda aka ɗaure shi. In an taɓo maganar sai ya ce, "Na zaɓi haske," ya ci gaba da goge katako.

A farkon 1974 Fada Leonard, Bajamushen da ke kula da ɗakin kafintoci, zai tafi hutu gida. Ya ce mutanen majami'arsu, a wani gari kusa da Kolon, suna son ganin kafintan da yake ba su labari. Ya ce su je a lokacin bikinsu na kafin azumi, wai shi Karnabal. Mu duka muka ɗauka babban taron addu'a ne, irin na shirya zuciya. Silvanus ya yi ta bitar waƙoƙin tuba. A Zumuntar Mata muka yi masa addu'a. A makon ne kuma aka aiko cewa ƙafafun Sambo sun kumbura, ba ya iya zuwa gona. Silvanus ya ce in ya dawo zai je, ko da a bakin ƙofa za a tsayar da shi.

Na tuna da sakata, sai na buɗe akwati na ciro naktayen Jonathan, wato igiyar wuyan da yake ɗaurawa lokacin yana akawu a reluwe. Shuɗi ne mai ɗigo-ɗigo, da shi aka ɗaura mana aure.

"Aro ne fa, Baban Regina, ba kyauta ba," na ce masa.

"Maman Lucy, yadda ya fita haka zai dawo."

Ya dawo ana dab da Ista. Kowa ya zo jin labari, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "Akwai sanyi." Naktaye shiru. A majami'a in na bi ta hagu sai ya bi ta dama. Har na fara tunanin ko ya manta shi a jirgi. Wata rana da la'asar ina gyaran wake a gindin mangwaro, sai ga shi. Ya zauna, ya kwance wani hankici. Ƙullin wuyan ne a ciki, da guntun da bai fi yatsa ba.

"Ɓera ne?" na tambaya.

"Mace ce."

"Mace!"

"Da almakashi. A tsakiyar titi, rana tsaka."

Ya ce ranar Alhamis ya sa kwat da naktaye, a zatonsa sujada za a je. Suna fitowa suka tarar mata sun cika gari, wata da hular takarda, wata da jan hanci kamar tumatir. Wata dattijuwa, wadda da a nan ne da ita ce shugabar Zumunta, ta kama naktayen, ƙeret, ta datse. Ta sumbace shi a kunci, ta maƙala guntun a jikin hularta inda wasu ke rataye. Ya yi ta ihun ɓarauniya da Hausa. Fada kuwa dariya har da riƙe ciki, wai ya manta bai gaya masa ba, ranar ta mata ce, garin nasu ne.

"Babu ɗan sanda ne?"

"Akwai. Shi ma guntu ne a wuyansa."

Na riƙe baki. Ban san ko in yi kuka don Jonathan ba, ko in yi dariya.

Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ranar Litinin aka yi jerin gwano da ganguna da ƙaho, ana watsa wa mutane alewa daga kan motoci. Can sai ga wani abu ya ɓullo, an rufe shi da ciyawa daga kai har ƙafa, yana tafe yana girgiza.

"Maman Lucy, shi ne. Tafiyar ma ita ce."

Ya ce bai san lokacin da jikinsa ya yi abin da ya saba ba. Yayar Fada na tsaye kusa da shi, sai ya fizge ta ya tura ta bayan wata ƙofa, ya tare ta da bayansa don kada ta gani. Ita kuwa ta ɗauka rawa yake nema, ta kama hannunsa biyu ta jawo shi titi. Ya rufe ido yana juyi. Da ya buɗe, dodon ya cire ciyawar da ta rufe kansa yana shan abu a kofi, a gaban mata da yara. Mai kaɗa molon majami'a ne. Tare suka ci abinci a daren da ya gabata.

Ranar Talata suka ɗauko wani mutum-mutumin ciyawa suka ƙone, wai shi ya jawo duk laifin da aka yi a makon. Silvanus ya ce a nan ne hankalinsa ya ɗan kwanta, ya ce ashe su ma sun tuba. Ya riƙe hannun Fada yana masa barka. Fada ya ce a'a, baɗi ma za a ɗaura wani. Ranar Larabar Toka kowa ya durƙusa aka shafa masa toka a goshi, kuma mai almakashin nan tana benci na gaba, idonta a rufe.

"Na tambayi Fada ko zunubi ne. Ya ce wasa ne kawai. Na ce to namu fa? Ya kurɓi shayinsa. Sannan ya ce yana tsammanin namu daban ne, amma shi bai taɓa gani ba."

"To ai daban ne," na ce. "Nasu ba ya cin mata tara. Ba a kulle kowa."

"Haka ne. Amma ciyawar fa?"

Ni ban yi kewar dodo ba. Ina tuna yadda uwata ke rawar jiki tana dafa wake da manja in an ce yana jin yunwa. Amma kuma ina tuna uban Silvanus, dattijo mai raba faɗa, da yadda yake shanya ciyawar nan a kan dutse bayan damina kamar mai shanya rigar sarauta. Tun daga ranar, in ina addu'a na zo wajen ba na sanin abin da zan ce, sai in ce Ubangiji ya sani.

Silvanus bai bar majami'a ba, bai fasa zuwa sujadar safe ba. Amma ban ƙara jin ya ce "Na zaɓi haske" ba.

A ranar dai, a gindin mangwaron, na miƙa hannu zan karɓi hankicin, sai na ga ya ƙara riƙe shi.

"Gobe kasuwar Zango ce, akwai mota," ya ce. "Ban san ko na yi laifi ba, ban san ko ban yi ba. Abin da na gani kawai zan gaya wa Sambo, shi ya fi ni sanin ciyawa. Amma zai ce ƙarya ce irin ta 'yan mishan." Ya dubi guntun. "Maman Lucy, ki ƙara ara mini shi haka. Kuma in ba damuwa, ki raka ni. Ya san uwarki, ba zai tsayar da ke a ƙofa ba. Ki gaya masa da bakinki cewa naktayen nan da tsawonsa ya bar Kafanchan."