Yaƙin da Inna Ba Ta So Ya Ƙare

Yayana ya bar gida 'yan shekaru bayan an yanke mana jihar Kabi daga Sakkwato. Hajji ya nufa ta ƙasa, yadda kakanninmu suka yi, don ba shi da halin jirgi, ba shi kuma da haƙurin jira. Manomi ne irin na Aliero, wanda in ka ba shi ƙasa da ruwa ko a ina ne ba zai kwana da yunwa ba. Ya ce zai riƙa noma yana matsawa har ya kai bakin teku. Ya bar mace da 'ya'ya biyu a ɗakin da ke jikin na Inna, ni kuma ya bar mini gidan gaba ɗaya a kan aikin koyarwa da nake yi a Jega.

Ya ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, ya yada zango a wani gari can gaba da ita, a bakin wani kogi, inda ya tarar da Hausawan da hanya ta ajiye tun da daɗewa. Saƙonsa yakan zo ta bakin matafiya: yana lafiya, ya sami fili, baɗi zai ƙetare. Kullum baɗi. Nakan ji haushinsa, wallahi, don ni ne mai sayen maganin zazzaɓin yaransa, shi yana can yana aiko da gaisuwa.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasar da yake zaune da maƙwabciyarta. Ba zan kira sunayensu ba, sun ishe ni a kunne. Wannan ta ce waccan ce ta fara shigo mata, waccan ta ce ƙasarta ce tun fil azal, sojoji suka tsallaka iyaka, garuruwan bakin iyaka suka watse. Garin Yaya yana cikinsu. Daga wannan bazarar ba mu sake jin bakin kowa ba.

Da damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, 'yan'uwan matar Yaya suka taso daga Andarai, can ƙasar Maiyama. Mutanen kirki ne, ba su zo da faɗa ba. Tambaya ɗaya suka kawo: 'yar'uwarsu matar aure ce ko kuwa mai takaba ce da ba ta sani ba? Muka ɗunguma wurin malamin garinmu, tsoho mai sanyin magana, wanda ya karantar da mu duka har shi Yaya. Inna ta ce sai ta je. Ta zauna bayan zana, inda za ta ji komai.

Malam ya ce wanda ya ɓata a ƙasar da ake yaƙi ba a yanke masa hukunci ana cikin harbi, don ba mai iya zuwa ya duba. Sai an ajiye makamai, hanya ta buɗe, an bincika iyakar iko. In ba a same shi ba, a ƙara masa shekara. In ta cika shiru, to a lissafa shi cikin matattu, matarsa ta shiga takaba.

"Kafin nan hwa, Malam?" in ji babban wan matar Yaya.

"Kafin nan shina da rai."

Muka yi godiya muka tashi. Na lura Inna ta riga mu isa gida, ita da take tsayawa hutu sau biyu tsakanin gidan Malam da namu.

Daga nan na zama ɗan rediyo. Akwai wata rumfa a bakin titin Aliero inda ake lodin buhunan albasa zuwa Kudu, nan nake tsayawa da la'asar in na dawo daga makaranta. Mai shayin wurin yana da rediyo mai ƙarfi, ana gama labaran duniya sai musu ya tashi a kan yadda yaƙin zai ƙare. Mutanen da ba su taɓa wuce Kontagora ba, amma ka ji su sai ka rantse da su aka shata iyakar.

Wani direba kullum maganarsa ɗaya: babbar za ta haɗiye ƙaramar, a huta. Wai mai mutane da yawa ba ya rasa wanda zai tura gaba. Wani tsohon soja, wanda ya yi yaƙin basasarmu ya dawo da ƙafa ɗaya gajera, yakan bar shi ya gama, sa'an nan ya ce haɗiya ba ƙarshe ba ce, wanda aka ci da ƙarfi jikansa ne zai tashi. Shi a ganinsa sai ranar da abinci da harsashi suka ƙare wa duka biyun, su zauna su karɓi abin da aka ba su tun farko suka ƙi. Akwai mai cewa manyan ƙasashe za su tsawata musu. Sai tsohon sojan ya yi tsaki ya ce wa ya taɓa tsawata wa mai saye a shagonsa? Wani mai ɗori daga cikin gari, don ka san Aliero ba ta rasa su, ya taɓa cewa shi ba ya tsoron karaya, abin da yake tsoro ɗorin gaggawa, don ƙashin da ya kama a karkace sai an sake karya shi.

Ni ina bayan tsohon soja, kuma ina da baki. Nakan ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito, in ce gajiya ce za ta raba su, in kawo dalilai kamar ina gaban allo. Wata rana direban nan ya ce, "Kai malam, mi ya yi maka zahi? Gonarka ta?" Na tashi zan mare shi, mai shayi ya riƙe ni, ya raɗa wa direban wani abu a kunne. Washegari direban ya aiko mini da goro. Ban ci ba.

In na isa gida mutum biyu ke jirana, kowace da tambayarta. Matar Yaya takan tare ni tun a zaure, da ruwa a hannu. A da muna wasa da ita sosai, ina ce mata matata, tana ce mini ragon miji. Wannan wasan ya mutu shi kaɗai, ba wanda ya ce a bari. Tambayarta ita ce, "Yaushe za su gama?" Ba ta damu da wa zai ci ba. Ta taɓa ce mini ko su raba ƙasar da wuƙa kamar waina, ita dai a gama. Mace ce mai jini a jika, ta rame har awarwaro yana zamewa zuwa gwiwar hannu. In an yi biki ba ta san ko ta yi lalle ba, in an yi rasuwa ba ta san inda za ta zauna ba.

Inna kuwa tana kan tabarma a gindin darbejiya. Takan jira in zauna, ta ce, "Suna nan suna yi?"

"Suna yi, Inna."

"Allah shi kyauta."

Sai ta jawo kwanonta ta ci abinci. Na daɗe ban gane ba. Ranar da na gane, rediyo ya ce wasu shugabanni sun shiga tsakani, ana sa ran a tsagaita wuta. Na zo da murnata na faɗa. Matar Yaya ta ɗaga hannu sama. Inna ta rufe kwanon, ba ta taɓa shi ba, washegari ma haka. Bayan 'yan kwanaki maganar sulhun ta rushe, aka koma faɗa fiye da da, rediyo yana cewa gawarwaki sun cika ramuka. Na faɗa mata. Ta ce Allah shi kyauta, ta ce a ɗumama mata tuwon jiya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Ɗiyan mutane na hwa ka mutuwa can. Su ma suna da uwaye."

Ta dube ni, ba ta yi fushi ba. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi.

"Kana tsammanin ban sani ba? Kullum in na yi salla sai in roƙi Allah shi kashe wutar ga. Bakina na roƙo, cikina na rawa kar a amsa. Malam ya ce muddin suna yi, ɗana na da rai. To kai hwaɗa min, mi zan roƙa?"

Na miƙe. Na fita na zauna a zaure ina jin tsoron uwata, ina jin tausayinta, duka a lokaci guda. Daga ranar musun rumfa ya fita raina. Ina zuwa dai in ji labarai, amma in suka fara yadda za a ƙare sai in ga kowace hanya da suka kawo, ta direba, ta soja, ta mai ɗori, duk a ƙofar gidanmu take ɓullowa.

Yaƙin ya ƙare yadda kowa a rumfar ya sami abin cewa ai na faɗa. Babbar ta kutsa da ƙarfi ta ci garuruwa, duka biyun sun gaji, manya kuma sun kira su sun sa hannu a takarda. Mai shayi ya ƙara wa kowa madara. Na hau kekena na nufi gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Matar Yaya ta gani a fuskata tun ban yi magana ba. Ta ajiye kofin ruwan ta shige ɗaki, na ji tana kuka, ban san ko na mene ne ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Na ƙarasa gindin darbejiya.

"Suna nan suna yi?"

"Sun bari, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Wallahi ta faɗa, kuma da gaske take. Sa'an nan ta nemi in kama ta ta tashi, abin da ba ta taɓa nema ba.

Muka shiga bincike. Duk alhajin da zai tafi sai na bi shi har mota da sunan Yaya da kamanninsa. Duk wanda aka ce ya fito gabas sai na je. Ana cikin haka aka ce wani mutumin Fagada, ta ƙasar Jega, ya dawo da iyalinsa daga can, ya sauka wurin dangi a unguwar Jega Magaji. Na same shi a ƙofar gida da hantsi, baƙi, busasshe, Hausarsa ta gauraya da Larabci. Ina faɗin sunan Yaya ya sunkuyar da kai.

Ya ce gonakinsu suna jere. Ranar da aka fara jin manyan bindigogi tare suka gudu, suka tsallaka cikin Sudan lafiya lau, ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Sun kwana biyu a sansani sai Yaya ya kasa zama. Ya bar albasar iri a gona, ta yi kai, kawunan sun bushe, lokacin yanka ya yi. Wanda ba manomin albasa ba ba zai gane ba. Kan iri in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan ne ya fashe ya zube a ƙasa, kuma wanda ya rasa irin bana ya rasa noman baɗi. Yaya ya ce musu sojoji ba ruwansu da mai yankan iri, zai je da safe ya dawo kafin rana ta faɗi. Ya ari wuƙa da buhu.

"Mun hana shi," in ji mutumin. Sa'an nan ya ce, "Ba mu hana shi da ƙarhi ba. Ni ma nawa na can. Na so in ce mai shi yanko min."

Bayan sulhu mutumin ya koma garin. Bai ga gida ba, bai ga kabari ba, bai ga wanda ya ga Yaya ba.

Na kawo labarin gida yadda na ji shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk manomin da na ba labarin a Aliero ba wanda ya ce Yaya ya yi wauta. Sai su girgiza kai su ce, "Iri ya nuna? Ai dole."

Shekarar da Malam ya ce ta zo ta cika. Ya kira mu, ya faɗi abin da muka sani zai faɗa. Na tambaye shi ko za a yi masa salla. Ya ce a karatunmu ba a sallatar gawar da ba ta gaban liman, sai dai addu'a da sadaka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka zo daga Jega, daga Andarai, suna cewa ya haƙuri, muna cewa da godiya. Ba makara, ba wanda ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafa. Matar Yaya ta cire awarwaronta ta shiga takaba. A makon nan na ga ta ci abinci har ta ƙara, ban kuma ga laifinta ba.

Inna ta karɓi gaisuwa yadda ya kamata, ta amsa wa kowace mace, ba ta yi kururuwa ba. Da yamma ta yi, mutane suka ragu, na shiga na same ta ita kaɗai. Ta ce in matso. Ta kama hannuna da nata duka biyu, ta yi ƙasa da murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Kai da kaj ji rediyo. Da sunka yi sulhun nan, sun hwaɗi wa yay yi ma mutanen da sunka mutu wankan gawa?"

Na ce ba su faɗa ba, Inna.

Ta ce, "To gobe ka saurara da kyau."