Baƙin Tabo a Gefen Gilashi

Jiya a ajinmu na Dapaong wata ta ari kalkuletata, ta tambaye ni abin da ya yi mata baƙin tabo a gefen gilashi.

Kakana ne ya sayo mini ita a Sokodé, irin mai aiki da hasken rana. Tun da ya ji haka, kullum da hantsi sai ya ɗora ta a kan katangar gidanmu na unguwar Komah, kusa da shanyar barkono. Yakan ce, "Ko sa ba ya noma da yunwa."

Ana gobe jarrabawa na tarar da ita ta yi zafi kamar dutsen guga, gilashin ya ƙone. A gaban baƙinsa na ce, "Kaka, abin da ba ka sani ba, ka bar shi!"

Ya goge ta da bakin rawaninsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da ita na ci jarrabawar. Ya rasu ban iya buɗe baki na nemi gafararsa ba. Allah ya sa shi a inuwa, shi da ya tsaya mini a rana.