Jikan Yaya Cima ya tsallake shawara

Da kakar bana yayata Cima ta cika shekara goma sha biyu da rasuwa. A Belbeji muka yi mata sutura, lokacin ana ɗaurin gero. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in yi shiru da bakina. Bana kam na ce sai na rubuta, domin wani abu ya faru a gidanta da daminar nan, kuma tun daga ranar nake barci da sanyin zuciyar da na daɗe ban samu ba.

Ita ta goya ni. Ita ce kuma ta tsaya wa babanmu har ya yarda aka kai ni lakwal, makarantar boko, a Tanut maimakon in bi awaki. Doguwa ce, mai ƙarar dariya, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Takan yi ciniki da matan Buzaye da harshensu, ta juya ta tsokani matan Fulani da nasu. Wanda ya gan ta a kasuwa ba zai ce akwai abin da ke cin ta ba.

Abin da ke cin ta kuwa shawara ce, ciwon nan da ke mai da jariri rawaya. Ɗanta na fari, Lawali, an haife shi lafiya. A wancan zamanin mai jego da ɗanta ba sa ganin rana sai ranar suna. Ɗaki a rufe, ga hayaƙin garwashi. Ba wanda ya lura da komai sai da aka fito da yaron tsakar gida wanzami zai yi masa aski. Idonsa kamar an ɗiga ruwan ɗorawa, har tafin ƙafarsa ya rine. Ya daina kama nono, yana wani siririn kuka yana banƙarewa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma bai taɓa jin muryar uwarsa ba. Tafiya ma sai da ya girma sosai ya iya ta. Na biyun shi ma namiji ne, shi ko sunan bai kai ba. Matan da ta haifa daga baya kuwa, su Zara, ko ɗaya ba abin da ya same ta.

Tsofaffin unguwa suka ce nononta ne ba shi da kyau. Ba sassaƙen da ba a jiƙa mata ba, ta sha ba musu. Sau ɗaya tak ta taɓa tayar mini da maganar, ina hutu na zo gida, tana tuyar ƙuli. Ta ce, “Mamman, kai da ka yi karatu, in nonona ne, me ya sa bai taɓa Zara ba?” Lokacin har an fara ce mini mushe, wato malamin lakwal, ina koyar da ’ya’yan mutane, amma ban da amsar da zan ba ta. Ta ci gaba da juya mai, ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah.

Ba ta zauna da baƙin cikinta a ɗaki ba. Duk gidan da aka haihu, kafin ta gama barka ta ɗauki jaririn ta yi bakin ƙofa da shi. Ta danna masa hanci da yatsa ta saki, ta buɗe ido, ta duba dasashi. Wasu surukai ba sa so, har ana cewa kada a bari Cima ta shigar wa mai jego da iska. Idan ta ga abin da ba ta so, ba ta barin gidan sai an ɗaura amalanke an nufi likita. Akwai samari a Belbeji yau, masu mata da ’ya’ya, waɗanda ba su san hannun da ya fara fito da su haske ba.

Zara, ’yarta, mata biyu ta fara haifa. Da daminar bana ta samu namiji. Ina Tanut wayata ta yi ƙara da hantsi, na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

“Kawu, na duba shi a bakin ƙofa. Idon ya soma.”

Na tambaye ta me mijinta Sani ya ce. Ta ce Sani yana gona, uwarsa kuma ta ce a bari a yi suna tukuna, an riga an gaya wa dangi, rago yana ɗaure. Na ce to ita me ta gani. Ta ce, “Na riga na yafa mayafina, Kawu. Ina gaya maka ne kawai.”

Ba na zargin Hajiya, uwar Sani. Mace ce mai hankali, abin da ta tashi ta tarar shi ta faɗa. Da ta ga Zara ta goya yaron ta fito, ita ma sai ta ɗauki butarta ta bi bayanta, ta aika a kira ɗanta daga gona. Majo, shugaban ɗakin shan maganin garin, ya duba yaron ya ce kada a ɓata lokaci, a wuce Damagaram. Wanda ya san hanyar Belbeji da damina ya san abin da wannan maganar take nufi ga mace mai ɗanyen jego. Ni kuma na hau mota daga Tanut, muka haɗu a can.

Na sami jaririn kwance tsirara cikin wani ɗan gado, an rufe masa ido da ƙyalle, shuɗiyar fitila tana haska shi. Sai a ɗauko shi ya sha nono a mayar. Na tsaya ta taga ina kallo, fuskar Lawali nake gani. Ranar suna ta zo muna can. Sani ya koma Belbeji aka yanka rago aka raɗa wa yaro Haruna, mai sunan yana Damagaram ƙarƙashin fitila. Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sunan da ba jariri ba, ta faɗa tana dariya tana share ido, don a safiyar ne aka ce mana rawayar ta fara ja da baya.

Wata doktar yara, matashiya ce mai haƙurin bayani, ta zauna da mu a kan benci. Na ba ta labarin Yaya tun daga farko. Ta ce jarirai da yawa suna yin shawara kaɗan ta wuce, domin tsofaffin ƙwayoyin jininsu suna fashewa, hantarsu kuma ba ta yi ƙwarin kwashe dattin ba. Idan dattin ya yi yawa ne yake hawa ƙwaƙwalwa ya taɓa ji da motsi. Ta ce akwai wani gado a jini da ke sa ƙwayoyin saurin fashewa, ta wajen uwa yake bi, maza ya fi kamawa, kuma gwaji ya nuna Haruna yana da shi. Na ce, to nono fa? Ta ce ba ruwan nonon yayata da abin da ya samu ’ya’yanta, yanzu ma nonon Zara yana cikin abin da ke taimakon yaron. Zara ta sunkuyar da kai ta yi kuka mara sauti. Amsar abin da aka tambaye ni a gaban kaskon ƙuli ce na samu, mai tambayar tana ƙasa.

Doktar ta gargaɗe mu da kafur, wanda mata ke sa wa cikin kayan jarirai, da lalle. Ta ce ga masu irin wannan jini su ma suna tayar da ciwon. Na tuna akwatin Yaya da ƙamshin da ke tashi idan ta buɗe shi. Wannan kam na gode wa Allah da ba ta ji ba.

A nan ne ta ba mu labarin wani magani da masana suka daɗe suna gwadawa. Ta ce akwai wani sinadari a jiki wanda shi ke juya abin da ya fito daga fasassun ƙwayoyin jini ya zama rawayar nan. Fitila tana rage wadda ta riga ta taru ne, shi kuwa maganin yana tare sinadarin tun kafin ya yi aikinsa, kuma allura ɗaya ce. Ta ce kada in sa rai da wuri: ba a gama tabbatar da cewa ba ya cutarwa daga baya ba, don haka ba a sake shi ga jama’a ba, ita kanta a karatu kawai ta san shi.

Tun daga ranar nake tunanin me Yaya za ta ce. Na san ba za ta yi saurin murna ba, mace ce da ta sha jiƙo iri-iri da alkawari iri-iri. Za ta tambaya ’ya’yan wa aka yi wa, kuma sun girma suna ji suna tafiya? Amma na san lissafin da za ta yi a ranta. Fitila tana son wuta, tana son mota da hanya mai kyau. Allura kuwa tana shiga jakar ungozoma ta je har rugar da ke bayan Tenhiya. In ya tabbata lafiya lau ne, mutanen yankinmu na Damargu sun fi kowa bukatarsa. In bai tabbata ba, gara a ci gaba da riƙe shi, mu kuma mu ci gaba da neman fitilu kusa da mu.

Da aka sallame su na raka su gida. Lawali, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, yana jiran mu a ƙofar gida da awakinsa. Ya karɓi yaron, ya daɗe yana duba idonsa. Can sai ya miƙa wa Zara shi, ya ɗauko murfin tukunya da ludayi, ya zagaya bayan kan jaririn ya buga. Haruna ya firgita ya tsala kuka. Lawali bai ji kukan ba, amma ya ga firgitar. Ya nuna kunnensa, ya nuna yaron, ya yi ta gyaɗa kai yana dariya irin ta uwarsa.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar garke ba, ko harafi ɗaya ba ta iya rubutawa. Ta bar ’yar da ba ta jira izinin kowa ba ranar da jira zai yi ɓarna, ta bar ɗan da ciwon ya ƙwace wa ji amma bai sa masa ƙyashin jin wani ba. Ni da na shekara talatin da alli a hannu ban tabbata na koyar da abin da ya kai wannan ba. Haruna yanzu ya fara riƙe wuyansa, kuma idan an kira sunansa daga bayan ɗaki yana waiwayowa. Allah ya jiƙan Cima, ya kai haske kabarinta.