Muryar da Ke Cikin Gem na Biyar

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, 'yata ta fari da abokan karatunta shida suka haɗa gem na ban tsoro. Kowa ya yi nasa ɗan gajere, suka ɗinke su wuri ɗaya, suka sa a intanet kyauta. Wata Asabar bayan la'asar ina tsinkar zogale ta miƙo min waya.

"Umma, gwada mana. In kika tsorata, mun ci."

Na yi bismillah na karɓa. A na farko aljanin ya maƙale a bango, ƙafafunsa na reto. A na biyu jinin kamar zoɓon da ruwa ya yi wa yawa. Na uku nata ne, ana fasa wa mutum kai, amma na gane ƙarar, kabewata ce da ta bi da taɓarya ranar Laraba. Na yi dariya har da hawaye, ta kumbura baki. Na huɗu ma ƙin buɗewa ya yi.

Na biyar babu aljani. Lungu ne matsattse, kana gudu ana bin ka, har a cim maka. Hoton ya ɗauke, sauti kawai ya rage: faskare a gadon baya, dutse a kan ƙashi, ihun "Ɓarawo!" Can ƙasa-ƙasa wata murya ta ce, "Don Allah ku bari in yi shahada."

Tiren zogalen ya kife.

Na san muryar. Kamar yau nake jin ta, ko da yake damina biyu ke nan. Da rana tsaka aka ritsa ɗan maƙwabciyarmu mai kitso a lungunmu na Kwarbai, wai ya ɗauki babur. Ina bayan ƙofar zaure. Na ji ƙarar karyewar hannunsa. Na ji ya daki ƙofarmu sau uku, da kai ne ko da gwiwa, ban sani ba. Hannuna na kan sakata, ban zare ba. Bayan an ɗauke gawar, ni na wanke dokin ƙofa da toka.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani ɗan ajinmu, wai a waya ya samu sautin. Umma, shi kaɗai ake yabo fa, sauran zagi muke sha."

"Muryar ɗan mai kitso ce. Ƙannen mamacin a tsakar gidan nan suke latsa wayarki. So kike uwarsa ta ji?"

Ta kira shi. Ina jin sa yana cewa ai gaskiyar abin ce ta sa ya yi kyau. Na fizge wayar.

"Ɗan nan, jinin da kake wasa da shi ni na wanke shi."

Kafin magariba ya cire nasa daga intanet. Sai dai 'yata ta ce waɗanda suka riga suka sauke, yana nan a wayoyinsu.

Har yau maƙwabciyar ke min kitso, kaina bisa cinyarta. In na ji ƙarar gem daga lungu, sai in ɗaga murya in hau ba ta labarin kabewa da taɓarya. Ta ji shi ya fi a ƙirga, kullum kuma sai ta yi dariya.